Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Hukumomin NMDPRA Da SON: A Fara Auna Hayaƙin Da Kayan Gas Ke Fitarwa

Zuwa ga Shugaban Hukumar Kula da Sarrafawa da Rarraba Man Fetur da Gas ta Najeriya, wato NMDPRA, da Babban Daraktan Hukumar Tabbatar da Ingancin Kayayyaki, wato SON.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranku ya daɗe, ina yi muku fatan alheri, da addu'ar Allah ya taya ku riƙon amanar da aka ɗora muku. Ni bakaniken gas ne a Kano. Shekara goma sha shida ke nan ina gyaran murhun gas na gida, da oben ɗin gidajen burodi, da hitar ruwa, da manyan murahun da masu sayar da abinci ke ɗora tukunya a kai tun asuba. Ina rubuto wannan takarda ne a madadin abokan sana'ata da muke haɗuwa kullum wajen sayen kayan aiki a Sabon Gari da Ƙofar Ruwa. Ina kuma magana da yawun waɗanda ba su san ma ana bukatar a yi magana a kansu ba: yaran da ke kwana a gindin oben, da matan da ke girki a kicin marar taga, da 'yan haya da suka tarar da hita a banɗaki ba su san wanda ya kafa ta ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda gas ke shiga gidajenmu da sauri. A watan Maris na 2021 gwamnatin tarayya ta ayyana shekaru goma na bunƙasa gas. A watan Agustan shekarar aka sa hannu a dokar masana'antar man fetur, wadda ta haifi ɗaya daga cikin hukumomin da nake rubuta wa. Ga kuma bututun da aka fara shimfiɗawa a 2020 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614. Kananzir ya fi ƙarfin talaka, itace yana ƙara nisa, gawayi yana cinye dazukanmu. Mu ba ma adawa da gas, da shi muke ciyar da iyalanmu. Duk wanda ya taɓa ganin mahaifiyarsa tana hura wutar ɗanyen itace da damina, idonta na zubar da hawaye, ya san gas rahama ce.

Sai dai duk faɗakarwar da ake yi, a kan tukunyar gas take tsayawa: kada ta tsufa, kada ta yi yoyo, kada a ɗura gas a cikin shagon da ke tsakiyar jama'a. Wannan daidai ne. Ba mu manta da fashewar da ta faru a Sabon Tasha a Kaduna a watan Janairun 2020 ba, wadda ta yi ajalin Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa, tare da wasu bayin Allah. Fashewa tana da ƙara, tana da wuta, kowa yana gani, jaridu suna ɗauka. Amma a ɗaya ƙarshen tiyo, inda gas yake ƙonewa, akwai wani haɗari da ba ya ƙara, kuma shi ne nake roƙon ku waiwaya.

Idan gas ya samu isasshiyar iska, ya ƙone yadda ya kamata, abin da yake fitarwa tururin ruwa ne da iskar kabon dayoksaid. Idan iskar ta gaza, ko gas ɗin ya yi yawa, ko harshen wutar yana bugun ƙarfe mai sanyi, sai ƙonuwar ta tsaya a rabin hanya, ya fitar da kabon monoksaid, wadda a takaice ake rubuta ta CO. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, ba ta sa tari ko hawaye kamar hayaƙin itace. Idan ta shiga huhu, takan manne wa jini fiye da yadda oksijin ke mannewa sau ɗari biyu da wani abu. Mutum yana numfashi lafiya lau, amma jininsa ya daina kai abin da ƙwaƙwalwa da zuciya ke bukata. Ciwon kai ne ke fara zuwa, sai jiri, sai tashin zuciya, sai kasala. Wanda yake barci kuwa, ba lallai ya farka ya ji ko ɗaya daga cikinsu ba.

Kukana na farko shi ne, har yau da ido da hanci muke yanke hukunci a wannan sana'a. Matar gida za ta ce maka: "Ai ban ji warin gas ba." Warin nan da take nufi ba na gas ɗin ba ne ma, wani sinadari ne da ake zuba masa da gangan domin a gane in ya yi yoyo. Da zarar ya ƙone, warin ya tafi, kuma gubar da ta fito bayan ƙonuwar ba wanda ya zuba mata komai. Mu kuma bakanikai abin da aka koya mana a wajen iyayen gidanmu shi ne duba wuta: in shuɗiya ce lafiya, in ta yi rawaya ko tana baƙanta gindin tukunya akwai matsala. Rabin maganar gaskiya ne. Rawayar wuta alama ce ta matsala, babu shakka. Amma shuɗiyar wuta ba shaidar lafiya ba ce. Sannan a oben da hita, wutar tana can cikin akwatin ƙarfe, ta ɗan ƙaramin rami kake leƙenta.

Bari in ba ku labarin ranar da na daina yarda da idona. Cikin hunturu ne, shekaru kaɗan da suka wuce. Wani mai gidan burodi ya kira ni, ya ce burodinsa ba ya gasuwa daidai, gefe ɗaya yana ƙonewa, ɗaya yana fitowa fari. Muna cikin magana ya ambata, ba tare da ya ɗauki abin da muhimmanci ba, cewa yaransa sun cika lalaci kwanan nan, kullum da safe wani yana riƙe da kai, har ya gaji da sayen maganin zazzaɓin cizon sauro. Yara huɗu ne, a ɗakin oben suke shimfiɗa buhunan fulawa su kwanta saboda ɗumi, sun toshe tagar da kwali don kada iska ta shigo. Na leƙa wutar, na ga shuɗiya, sai ɗan ja-ja a bakinta, irin wanda muke ɗora wa ƙurar hunturu. Da a da ne, da na goge bakin murhun, na daidaita wutar, na karɓi kuɗina na tafi.

Allah ya sa a makon ina riƙe da na'urar awon hayaƙi da na aro wajen wani abokina mai kula da tukunyar tururi a wata masana'anta a Sharada. Girmanta bai wuce na'urar POS ba, tana da dogon tsinke na ƙarfe da siririn tiyo. Na fita waje na kunna ta a iska mai tsafta har ta daidaita kanta a kan sifili. Na zaɓi irin gas ɗin da muke ƙonawa. Na bar oben ya yi zafi na 'yan mintuna, sannan na zura tsinken a bututun hayaƙi. Ɗan famfon cikinta ya fara zuƙa, lambobi suka fara hawa. CO ta tsaya a wajen 900, kabon dayoksaid kuma kashi 6 cikin ɗari. Na ce wa mai gidan a kashe oben yanzu, a cire kwalin nan daga taga. Da muka kwance, sai ga ƙofofin da iska ke shiga murhun sun toshe da fulawa da ƙura sun zama kamar laka, bututun hayaƙin kuma ya tsage daga inda ya lanƙwasa, daidai saman inda yaran ke sa kai. Bayan mun wanke, mun sauya bututun, muka sake aunawa: CO ta sauko 60, kabon dayoksaid ta hau kashi 7.5. Burodin ya dawo yana gasuwa daidai. Bayan sati biyu da na koma, ƙaramin cikin yaran ya ce mini: "Oga, kan nan ya daina."

Ranku ya daɗe, ku ba ni dama in ɗan tsaya a kan waɗannan lambobi, domin su ne ƙashin bayan roƙona. CO ana ƙirga ta ne da ppm, wato kashi nawa ne cikin miliyan ɗaya na iskar da aka zuƙa. Amma wannan lamba ita kaɗai tana iya yaudara. In bututun yana shan iska daga waje, ko ka ɗan janye tsinken baya, hayaƙin zai sirke, lambar ta faɗi, alhali murhun bai sauya ba. Shi ya sa masu aikin suke raba CO da kabon dayoksaid. Iskar da ta sirka ɗaya, ita ce ta sirka ɗayar, don haka sakamakon rabon ba ya motsawa. Kashi 6 cikin ɗari daidai yake da 60,000 cikin miliyan. In ka raba 900 da 60,000 za ka samu 0.015. Bayan gyara, 60 a raba da 75,000 ya ba da 0.0008. A Birtaniya, inda wannan awo ya zama ruwan dare, ga tukunyar ɗumama gida, abin da ya gaza 0.004 ana ɗaukarsa ƙonuwa mai kyau. Tsakanin 0.004 da 0.008 alama ce ta a kwance a yi cikakken gyara. Abin da ya haura 0.008 kuwa ba a barinsa yana aiki sai an gano dalili an magance. Kowane irin kaya da iyakarsa, ta murhun gashi daban, ta hita daban. Ga shi nan, cikin minti goma, na'ura ta raba gardama tsakanin bakanike da mai kaya.

Wannan raba gardama yana da amfani ta fuska biyu, kuma ina so a lura da ta biyun. Awon yana nuna kayan da ke bukatar gyara, yana kuma nuna wanda ba ya bukata. Mutane suna zargin bakanikai da ƙirƙiro aiki don su ci kuɗi, wani lokaci kuma zargin yana da tushe. Akwai murhun da ake kwancewa ba gaira ba dalili, a mayar da shi ya fi da lalacewa. Idan akwai lamba a kan takarda kafin gyara da bayan gyara, mai kaya ya san abin da ya biya, bakanike mai gaskiya kuma ya samu abin da zai kare kansa. Bayan haka, murhun da ke fitar da CO gas yake ɓarnatarwa, domin zafin da ya kamata ya shiga tukunya ne yake fita ta bututu bai gama ƙonewa ba. A wannan tsadar, duk mai gidan burodi zai saurari wannan magana.

Kukana na biyu a kan kayan da ke shigowa ne, musamman na gwanjo. Yawancin murahu da hitocin da aka yi amfani da su a Turai, an saita su ne don gas ɗin bututu, ba na tukunya ba. Gas biyun ba ɗaya ba ne. Na bututu yana bukatar iska kamar ninki goma na yawansa kafin ya ƙone sarai. Na tukunya, wanda haɗin furofen da biyuten ne, yana bukatar ninki 24 zuwa 31. Ya fi ƙarfi, kuma da matsi mafi girma yake isa murhu, saboda haka ramin da yake fita ta ciki, wanda muke kira jet, dole ya fi ƙanƙanta. Idan aka ɗauko murhun da jet ɗinsa na gas ɗin bututu ne aka jona masa tukunya, gas zai riƙa kwarara fiye da iskar da murhun zai iya ja. Uwargida za ta yi murna ta samu mai wuta da ƙarfi, ba ta san abin da take shaƙa ba. Na sha cire irin waɗannan jet ɗin a kayan ɗakin amare, domin iyaye sukan zaɓi na gwanjo saboda ƙarfensa ya fi kauri.

A nan dole in faɗi laifinmu mu ma. Akwai abokan sana'a da in aka ce musu wuta ta yi ƙasa, sai su ɗauki allura ko siririn ƙusa su buɗa jet. Akwai masu ɗaura wa murhun gida regulato irin na masu suya a bakin titi, mai sako gas da matsi mai yawa. Akwai maƙeran da ke haɗa oben da manyan murahu, masu basira ƙwarai, waɗanda da ido suke kimanta girman ƙofar iska da faɗin bututun hayaƙi. Ba mugunta ba ce ke sa su haka. Ba wanda ya taɓa sa musu na'ura a hannu ya nuna musu abin da ramin da suka buɗa yake haifarwa. Kuma ranar da gas ɗin bututu ya iso masana'antun Kano da Kaduna, za a fara juya kaya daga wannan gas zuwa wancan, kuma waɗannan hannayen ne za su yi juyin.

Na uku, hitar ruwa mai amfani da gas. Saboda rashin tsayayyar wutar lantarki ta fara yawa a sababbin gidaje da masaukan baƙi, musamman a garuruwa masu sanyi irin su Jos da Zariya. Ana kafa ta a cikin banɗaki, ɗaki mafi ƙanƙanta a gida, wanda ake rufe ƙofarsa ruf, sau da yawa babu bututun da zai kai hayaƙin waje. Wutar tana cinye iskar ɗakin, tururi yana cika shi, ƙonuwar tana ƙara lalacewa minti bayan minti. An taɓa kira na wani gidan haya inda wata baiwar Allah ta faɗi a banɗaki har sau biyu. Dangi sun ɗauka iska ce ta taɓa ta, an yi ta addu'a da tofi. Addu'a ba ta taɓa zama asara ba, kuma na yi imani ita ce ta sa mijin ya lura cewa ranar da aka ɗora ruwa a murhu aka kai mata a bokiti, ba ta faɗuwa. Da na je, hitar tana manne a bango, bakin hayaƙinta yana kallon silin, silin ɗin ya yi baƙi. Mai gidan ya ce mai aikin famfo ne ya kafa, mai famfon ya ce haka ya saba kafawa ko'ina. A duk shekarun aikina ban taɓa haɗuwa da mai gidan haya ko mai masauki da aka nemi ya nuna takardar awon hayaƙi ba.

Na huɗu ya shafi asibiti, ko da yake na san ba hurumin ku ba ne kai tsaye. Ciwon kai da jiri da amai, a ƙasarmu sunansu maleriya ko taifod. Ƙaramar na'urar nan da ake maƙala wa marar lafiya a yatsa don duba oksijin, irin wadda aka saba da ita, ba ta bambance jinin da ke ɗauke da oksijin da wanda ke ɗauke da CO, sai ta nuna komai lafiya. Kuma da an fitar da mutum iska mai kyau, gubar takan ragu da rabi cikin kamar awa huɗu zuwa biyar. Sai ya ji sauƙi a gadon asibiti, a ce magani ya karɓe shi, a sallame shi ya koma ɗakin da ya kwantar da shi. Wanda ya rasu a barci kuma, mukan yi masa sutura da wuri kamar yadda addini ya koyar, a ce kwana ne ya ƙare. Kwana yakan ƙare, amma sanadin yana nan a ɗakin, yana jiran wanda zai kwana a ciki gobe. Wannan guba ɗaya ce da wadda ke kashe iyali guda idan aka shigar da janareta cikin gida saboda ɓarayi, ko aka kwana da kurfoti a ɗaki rufe cikin sanyi. Mutanenmu sun fara sanin haɗarin janareta. Ba su san murhun da ke kicin zai iya yin irin wannan aiki ba.

Waɗanda suka riga mu nisa a amfani da gas, da hawaye suka koyi darasin. A watan Oktoban 2006 wasu yara biyu 'yan Ingila, ya da ƙanenta, kamar na gidan kowa, suka rasu a wani masaukin 'yan yawon buɗe ido a tsibirin Korfu na ƙasar Girka, saboda hayaƙin wata lalatacciyar tukunyar ruwan zafi da ya shiga ɗakin da suke barci. A Birtaniya, dokar 1998 ta wajabta wa mai gidan haya ya sa a duba kayan gas na gidansa duk shekara, ya ba ɗan haya takardar shaida. Tun watan Afrilun 2009, duk mai aikin gas sai ya kasance cikin rajistar Gas Safe, da katinsa da ke nuna irin kayan da ya cancanci taɓawa. Daga 2014, ba a miƙa sabuwar tukunyar ɗumama gida ga mai ita sai an auna hayaƙinta an rubuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta fitar da iyaka ga iskar cikin ɗaki a 2010: kada CO ta wuce miligiram 35 a kowace kubik mita ta iska na tsawon awa ɗaya, ko miligiram 10 na tsawon awa takwas, wato wajen ppm 30 da ppm 9. Ban ce mu kwafo tsarin Ingila dungurungum ba, gidajenmu da yanayinmu da aljihunmu daban ne. Amma Bahaushe ya ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Saboda haka, ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

Muna roƙon ku haɗa kai ku fitar da ƙa'ida a rubuce, wadda bakanike zai iya karantawa, mai bayyana iyakar CO da sakamakon rabo ga kowane irin kaya da muke amfani da shi a nan: murhun gida, oben ɗin burodi, hita, babban murhun gidan abinci, tukunyar tururi. A fitar da ita da Hausa da sauran harsunanmu, a shafi ɗaya da za a manna a bangon shago. A fara tilasta ta a wuraren da jama'a ke taruwa ko kwana: gidajen burodi, masaukan baƙi, kicin ɗin makarantun kwana da na asibitoci, a riƙa awo sau ɗaya a shekara. In da hali a sa lokacinsa kafin shigar hunturu, domin a lokacin ne ƙura ke toshe murahu, mutane kuma ke toshe tagogi. Gidajen talakawa a bi su da wayar da kai, kada a mayar da abin hanyar karɓar tara a hannun wadda ke tuyar ƙosai.

Ga hukumar SON musamman, tunda akwai tsarin SONCAP na tantance kayan da ake shigowa da su, da MANCAP na waɗanda ake ƙerawa a gida, muna roƙon kowane murhu da hita su zo da rubutu ɓaro-ɓaro na irin gas ɗin da aka saita su a kai. Na gwanjo kada a sayar sai an sauya jet an auna. Hita marar bututun hayaƙi a hana kafa ta a banɗaki da ɗakin barci, hani na kai tsaye, a kuma ɗora alhakin a kan mai gida da wanda ya kafa. Maƙeranmu kuma kada a kore su daga kasuwa, a kira su a koya musu, a samar musu wurin da za su kai sabon oben a auna kafin ya tafi wajen mai shi.

Sai batun na'urar kanta, wanda shi ne ya fi damun mu. Tana da tsada, da kuɗin waje ake sayenta, bakanike ɗaya ba zai iya ba sai an yi karo-karo. Ba a nan tsadar ta tsaya ba. Abin da ke shinshinar gubar a cikinta yana tsufa, yakan mutu bayan 'yan shekaru ko ana aiki da shi ko ba a yi, kuma masu ƙera ta sun ce a kai ta a daidaita duk shekara da gas na gwaji wanda aka san adadinsa. Na'urar da ba a daidaita ba ta fi rashin na'ura haɗari, domin za ta nuna sifili a ɗakin da ke cike da guba, bakanike ya sa hannu ya tafi da zuciya ɗaya. SON tana da cibiyar awo ta ƙasa a Inugu. Muna roƙon a samar da wurin daidaita waɗannan na'urori a Kano ko Kaduna, a kan kuɗin da mai ƙaramin shago zai iya biya. Muna kuma roƙon ku yi mana magana da hukumomin da abin ya shafa a sassauta harajin shigo da su.

Haka nan ƙararrawar CO ta gida. Mutane da dama suna sayen na'urar gano yoyon gas su ɗauka sun gama. Abu biyu ne daban. Gas ɗin tukunya ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, don haka mai gano yoyo kusa da ƙasa ake sa ta. CO kuwa nauyinta kusan ɗaya da iska, tana bin ɗumi ta yi sama ta gauraye ɗaki, ƙararrawarta a sama ake kafawa, mita ɗaya zuwa uku daga murhun. Ƙa'idar Turai mai lamba EN 50291 ta ce ƙararrawar kirki dole ta yi kuka cikin minti uku idan gubar ta kai ppm 300, cikin minti 10 zuwa 40 idan ta kai 100. A tantance waɗanda ke shigowa kasuwanninmu da irin wannan ma'auni, domin ƙararrawar jabu barci take sa mutum ya yi da ƙarfin gwiwa.

Muna roƙon horo da takardar shaida. Akwai hukumar NBTE a Kaduna mai kula da ilimin fasaha, akwai asusun horar da ma'aikata na ITF mai hedikwata a Jos. Ku zauna da su a tsara gajeren kwas na makonni kaɗan, da Hausa, da na'ura a hannu, ga waɗanda suka koyi aikin a bakin titi irina. Kada a gindaya sharaɗin takardar sakandare, domin da yawa daga cikin mafi iya aikinmu allo suka yi, kuma lissafin rabon nan ba zai gagare su ba. Wanda ya ci jarrabawa a ba shi kati, a sa sunansa a rajistar da uwargida za ta iya dubawa a wayarta kafin ta buɗe masa ƙofar kicin.

Sannan ku miƙa wa ma'aikatun lafiya wannan saƙo, su tunatar da ma'aikatansu tambayoyi uku ga duk wanda ya zo da ciwon kai da jiri, musamman cikin sanyi: ko akwai wani a gidan mai irin ciwon, ko yana jin sauƙi in ya fita waje, da kuma abin da ake ƙonawa a ɗakin da yake kwana. Inda aka tabbatar gubar ce, a rubuta, a sanar da ku, a tura wanda zai auna ɗakin kafin marar lafiyar ya koma. Masu sayar da gas ma, da ke ƙarƙashin lasisin NMDPRA, su ne suke ganin kowane mai murhu duk wata. A ba su 'yar takarda mai hoto su riƙa haɗawa da kowace tukunya da suka cika.

Daga ɓangarenmu, mu bakwai mun yi karo-karo mun sayi na'ura ɗaya, muna karɓa-karɓa da ita, kuma duk inda muka auna muna rubutawa a littafi: irin kayan, abin da ya nuna kafin gyara, da abin da ya nuna bayan gyara. Littafin yana nan, a shirye muke mu miƙa shi ga duk jami'in da kuka turo. In kuma za ku turo shi, muna roƙon ya zo cikin watan Disamba ko Janairu, ya shirya fitowa da ƙarfe huɗu na asuba, lokacin da ake kunna oben, tagogi suna rufe, yara ba su tashi ba. Za mu zagaya da shi gidajen burodin da masu su suka amince, ya riƙe tsinken da hannunsa.

Allah ya ƙara muku lafiya da basira, ya tsare mu baki ɗaya.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Wani bakaniken gas a Kano, a madadin abokan sana'arsa